BABI NA HUƊU: CIRE KARYAYYEN BOLTI DAGA ƘARAMIN SHASIN MOTA

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayanin kayan aikin da bakanike yake amfani da su a gareji, tare da sunayensu da asalin sunayen. Shi kuwa wannan babi zai ɗauki aiki guda ɗaya ne daga cikin ayyukan kanikanci, ya bi shi daki-daki tun daga farko har ƙarshe, domin a ga yadda ake sarrafa waɗannan kayan aiki. Aikin da aka zaɓa shi ne cire boltin da ya karye a wajen ɗaurin ƙaramin shasin mota. An zaɓe shi ne saboda dalilai biyu. Na farko, aiki ne da yake haɗa bakanike da mai walda, wani lokaci har da mai gyaran bodi, a kan abin da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Na biyu kuma, aiki ne da ake gane gwanin bakanike da shi, domin ƙarfin damtse ba ya fitar da karyayyen bolti, haƙuri da sanin abin da ya kamata a fara da shi su ne suke fitar da shi.

4.1 Ma'anar Ƙaramin Shasi da Aikinsa

A da can, ana ƙera mota ne a kan wasu dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa su kamar tsani, sannan a ɗora inji da bodi a bisa. Wannan shi ne shasi, kuma har yanzu a kansa ake gina manyan motoci da akasarin a-kori-kura. Daga baya sai masu ƙera ƙananan motoci suka koma haɗa bodi da shasi su zama abu ɗaya, domin mota ta yi rashin nauyi ta kuma rage shan mai. Kamfanin Citroën na Faransa yana daga cikin waɗanda suka fara ƙera irin wannan mota da yawa, a shekarar 1934.

To amma fallen ƙarfen bodi ba shi da kaurin da za a ɗaura masa inji da ƙafafun mota kai tsaye. Saboda haka sai aka yi dabarar ƙera wani ƙarfe mai ƙwari daban, a ɗaure shi a ƙarƙashin bodi, a tsakanin tayoyin gaba, a wasu motocin ma har da tsakanin na baya. Wannan ƙarfe shi ake nufi da ƙaramin shasi a cikin wannan babi. Kanikawa da yawa sukan kira shi kurosmemba, kalmar da aka aro daga Turanci. A jikinsa ake ɗaura hannuwan ƙasa waɗanda suke riƙe da tayoyi, a motoci da dama kuma a kansa sandar sitiyari take kwance, haka nan yakan ɗauki wani sashe na nauyin inji da giyabos.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan kaya boltoci ƙalilan ne suke riƙe da shi a jikin bodi, galibi huɗu ne, a wasu motocin shida. Ke nan idan guda ya karye, rubu'in ɗaurin ne ya tafi. Motar da take tafiya a haka takan riƙa ƙara a duk lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami, saitin ƙafafunta yakan goce, tayoyinta su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Mafi muni kuma shi ne, nauyin da boltoci huɗu suke rabawa ya koma kan uku, su ma su kama hanyar karyewa. Idan ƙaramin shasi ya gurɗe alhali mota tana gudu, to sitiyari ya fita daga hannun direba.

4.2 Bolti da Noti

A maganar yau da kullum Bahaushe yakan kira su duka biyun noti, har ma kalmar ta shiga salon magana, inda akan ce notin kan wane ya kwance idan ana nufin ya sami taɓin hankali. Amma a wajen aiki ana bambanta su. Bolti shi ne namijin, wato ƙusa mai kai wadda aka zagaye jikinta da haƙora. Noti kuwa shi ne macen, wato ƙarfe mai rami wanda haƙoransa suke ciki. Waɗannan haƙora wasu sukan kira su tiredi.

Boltocin ƙaramin shasi masu kauri ne, yawanci milimita 10 ko 12 ko 14. A kan kowane bolti na kirki akwai lamba da aka buga, kamar 8.8 ko 10.9, wadda take nuna ƙarfinsa. Alal misali, bolti mai kaurin milimita 12 wanda yake ɗauke da lamba 10.9 yana iya jure jan da ya haura tan 8 kafin ya tsinke, amma mai wannan kauri wanda lambarsa 4.6 ce ko rabin haka ba zai jure ba, duk da cewa a ido kamarsu ɗaya.

Babbar matsalar wannan aiki tana wajen notin ne. A motoci da yawa notin da boltin ƙaramin shasi yake shiga ba a fili yake ba. Tun a masana'anta aka liƙa shi da walda, ko aka tsare shi a cikin wani ɗan keji, a cikin kwaroron ƙarfen bodi, aka rufe. Ba a ganinsa, sufana kuma ba ta kai wa gare shi. Don haka duk abin da bakanike zai yi wajen fitar da guntun bolti, manufarsa ɗaya ce, wato ya fitar da shi ba tare da ya lalata haƙoran wannan noti ko ya ɓalle shi daga mazauninsa ba. Bolti abu ne da ake saye a kasuwa, amma notin da ke cikin bodi ba a kai wa gare shi sai an yanka mota.

4.3 Dalilan Karyewar Bolti

Dalilan da suke sa boltin ƙaramin shasi ya karye suna da yawa, amma mafi muhimmanci su ne kamar haka:

(a) Tsatsa. Idan ruwa da iska suka daɗe suna taɓa ƙarfe sai ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa cin wuri. Saboda haka takan cike 'yar tazarar da ke tsakanin haƙoran bolti da na noti ta ɗaure su tamau, a lokaci guda kuma tana cinye jikin boltin yana sirancewa. Motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Katsina ko Sakkwato ba ta cika yin irin wannan tsatsa ba, saboda bushewar iska. Sai dai tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na shekarar 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin ƙarfi, jama'a suka koma ga motocin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje, waɗanda aka fi sani da 'yan Kwatano ko Beljiyam. A ƙasashe irin su Jamus da Kanada da arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi domin ya narkar da ƙanƙara, kuma ruwan gishiri ya fi ruwa zalla saurin cin ƙarfe. Shi ya sa akan ga mota tana ƙyalli a sama, amma ƙarƙashinta ya yi ja wur.

(b) Ɗauri fiye da kima. Wasu kanikawa sukan zura bututun ƙarfe a hannun sufana su hau kai da ƙafa, a ganinsu ɗaurin da ya fi tsanani shi ya fi aminci. Irin wannan ɗauri yakan miƙar da bolti ya wuce iyakarsa, sai ya karye a take ko kuma a ranar da aka zo kwance shi.

(c) Sakin ɗauri. Boltin da bai ɗauru sosai ba yakan riƙa motsi yana lanƙwasa kaɗan-kaɗan a duk ramin da mota ta faɗa, har ya tsage a hankali, kamar yadda waya take tsinkewa idan aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya.

(d) Shigar karkace. Idan aka cusa bolti a karkace aka kuma tilasta shi da ƙarfi, haƙoransa sukan hau kan na noti su cije.

(e) Bolti maras inganci, ko tsohon da aka sha kwancewa ana mayarwa.

Sanin dalilin karyewar yana da amfani ƙwarai, domin shi ne yake nuna irin wahalar da ke gaba. Guntun boltin da ya karye saboda ɗauri fiye da kima sau da yawa a sake yake, tun da kan da yake jan sa ya tafi, har akan iya juyo shi da ɗan bugu kaɗan. Wanda kuwa ya karye wajen kwancewa saboda tsatsa, to yana nan a cije, domin ƙarfin da ya isa ya murɗe bolti ya karya shi bai isa ya motsa shi ba.

4.4 Shirye-shirye Kafin Fara Aiki

Abu na farko shi ne tsaron rai. Ana tsayar da mota a wuri mai tauri wanda ba gangara ba, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi. Idan garejin yana da rami sai a hau da ita kai. Idan babu, sai a ɗaga ta da jak, sannan a tokare ta da turakun ƙarfe a ƙarƙashin bodi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, kuma ba a tokare ta da bulon siminti, domin yakan farfashe ba tare da ya ba da alama ba. Haka kuma ba a sa turken a jikin ƙaramin shasi, tun da shi ne za a kwance.

Abu na biyu shi ne tallafe inji. Da yake wani ɓangare na nauyinsa a kan ƙaramin shasi yake a motoci da yawa, dole ne a tare shi da wani jak ɗin tare da faffaɗan katako, ko kuma a rataye shi ta sama, kafin a sassauta sauran boltocin.

Abu na uku shi ne cire wayar batir, a fara da ta gefen da ke da alamar ragi. Wannan ya zama wajibi musamman idan za a yi walda, domin motocin zamani suna da ƙwaƙwalwa wadda wutar walda take iya lalatawa. Sannan a duba inda bututun mai da na birki da wayoyin wuta suka bi, a kawar da su ko a kare su da fallen ƙarfe, a kuma ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi a kusa.

Daga nan sai a goge wurin da burushin ƙarfe, a haska fitila a ga yadda boltin ya karye. Yanayin karyewar iri uku ne: ko dai guntun ya leƙo waje, ko ya yi daidai da bakin rami, ko kuma ya nutse a ciki. A nan ne gogaggen bakanike yake yin wata dabara da sabon shiga ba ya tunawa da ita. Da yake boltin yana ratsa ƙaramin shasi ne kafin ya shiga bodi, idan aka kwance sauran boltocin aka sauke shasin ƙasa, sau da yawa guntun da ake gani kamar ya nutse sai ya bayyana a fili da tsawon da za a iya kamawa. Sauke shasin yana cin lokaci, amma ya fi a yi ta lalube a cikin rami. Idan saukewar za ta kai ga raba sandar sitiyari da kanta na cikin mota, sai a ɗaure kan sitiyarin kada ya juya, domin a motoci masu jakar iska akwai wata siririyar waya a naɗe a cikinsa wadda takan tsinke.

4.5 Hanyoyin Cire Guntun Bolti

Hanyoyin da za a ambata an jera su ne daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, kuma haka ya kamata a bi su. Ba a tsallakawa zuwa ta gaba sai wadda ake kai ta gaza, domin kowace hanya ta fi wadda ta gabace ta haɗari ga haƙoran noti.

4.5.1 Jiƙo da Bugu

Ana fesa wa guntun man da aka yi domin ratsa tsatsa, irin su WD-40 da makamantansa. A garejin da babu shi akan yi amfani da kananzir ko man birki, sai dai man birki yana cin fenti. Da yake boltin daga ƙasa yake shiga ya yi sama, man da aka fesa ta ƙasa yakan zubo ne kawai, saboda haka akan nemi wata 'yar kafa a jikin kwaroron bodi a fesa ta nan, domin man ya sauka a kan notin ta sama. Sai a bar shi ya jiƙa na wasu sa'o'i, in da hali ya kwana. Bayan haka a ɗora wani ƙarfe a kan guntun a riƙa bugawa da guduma daidai wa daida, domin girgizar ta farfasa tsatsar. Ba a yin bugu mai tsanani, don kada notin da ke ciki ya ɓalle.

4.5.2 Kamu da Juyi

Idan guntun ya leƙo waje, sai a kama shi da filaya mai kulle ko sufanar famfo. Akan gurje gefensa biyu da magagari su yi faɗi domin kamun ya zauna. Ba a fizgar sa gaba ɗaya. Ana ɗan juya shi hagu, a mayar dama, a sake fesa mai, a kuma juyawa, har tazarar da yake motsawa ta riƙa ƙaruwa. Idan kuwa ya yi daidai da bakin rami kuma ba tsatsa ce ta riƙe shi ba, akan dasa bakin kurfi a gefensa a riƙa bugawa ta hagu har ya fara zagayawa.

4.5.3 Zafi

Wannan dabara ce da maƙera suka daɗe da sani, wato ƙarfe yana buɗewa idan ya ji wuta, ya kuma tsuke idan ya huce. Ana gasa guntun da wutar gas har ya fara ja, sannan a bar shi ya huce. Wannan buɗewa da tsukewa ita take murƙushe tsatsar da ke tsakanin haƙora. Haka nan wasu kamfanoni sukan shafa wa haƙoran bolti wani irin gam domin kada ya kwance, shi ma zafi ne yake kashe shi. Sai dai ba a kai wuta kusa da robobin da ke jikin ƙaramin shasi, kuma ba a gasa fallen bodi har ya yi ja, domin yin haka yana rage masa ƙwari. Ya kamata kuma a ɗaga shimfiɗar cikin mota da ke saitin wurin, a sa yaro ya tsaya yana lura, saboda gobara takan tashi ne ta inda mai aiki ba ya gani.

4.5.4 Walda Noti a Kan Guntu

Wannan ita ce hanyar da ta fi karɓuwa, kuma ita ta fi yawan yin nasara. Ana goge kan guntun har ya yi fari, a ɗora masa washa mai rami daidai kaurinsa a liƙe su da walda. Amfanin washar shi ne ta kare bodi, don kada a haɗa guntun da motar a liƙe. Sannan a ɗora wani noti babba a kan washar, a cika cikinsa da walda. Da haka guntun ya sami sabon kai wanda sufana za ta kama. Bayan wannan kuma, zafin waldar yana ratsa guntun har ƙarshensa, ya yi aikin da aka bayyana a sama. Wato an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗora sufana tun ƙarfen yana ja. Ƙarfe mai zafi laushi gare shi, kuma a lokacin a kumbure yake cikin ramin, don haka sai sabon kan ya murɗe ya fita. Ana jira ne ya huce, a fesa mai, sannan a fara juyi gaba da baya. Ko da kan ya ɓalle ba a fid da rai, sai a sake liƙa wani. Akan yi haka sau uku ko huɗu kafin guntun ya motsa, kuma kowane zagaye yana ƙara sassauta shi. Wajibi ne mai walda ya maƙala wayarsa ta ƙasa kusa da inda yake aiki, ya kuma tabbata man da aka fesa ya bushe. Haka kuma ba a yin walda a inda aka wanke da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin idan ya ji wuta yana fitar da iska mai guba.

4.5.5 Huda

Idan guntun ya nutse inda walda ba za ta kai ba, sai a koma ga injin huda ƙarfe, wato diril. Duk nasarar wannan hanya tana ga bugun farko. Ana daidaita fuskar guntun, a sami tsakiyarsa sosai, a buga alama da ƙarfe mai tsini. Idan alamar ta kauce, ramin ma zai kauce ya ci haƙoran noti ta gefe ɗaya. Ana farawa da siririn baki, kamar mai milimita 3 ko 4, a riƙe injin a miƙe, a tafi da shi a hankali ana ɗiga mai, saboda boltin mai tauri ne, gudu kuma yana ƙona bakin. Daga nan a riƙa sauya baki zuwa 6, zuwa 8. Akwai bakin da aka yi shi yana yanka ta hagu, wato ta fuskar da bolti yake kwancewa. Shi ya fi dacewa da wannan aiki, domin sau da yawa yana cikin yanka sai ya cafki guntun ya kwanto shi.

Iyakar faɗin da za a huda yana da lissafi. Ana cire tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori daga kaurin boltin. Alal misali, bolti mai kaurin milimita 12 wanda tazarar haƙoransa 1.5 ce, ba a wuce baki mai 10.5. Idan aka kai nan kuma ramin yana tsakiya, abin da ya rage na boltin ɗan siririn zobe ne kwance a cikin haƙoran noti, sai a tsince shi da tsinken ƙarfe, a bi ramin da taf, wato ƙarfen da ake yanka haƙora da shi, domin ya share su.

Akwai kuma wani ƙarfe mai murɗaɗɗen jiki da ake sayarwa musamman domin ciro karyayyen bolti. Ana cusa shi a ramin da aka huda a juya hagu. Yana aiki a kan guntun da yake a sake, amma a kan wanda tsatsa ta cije haɗarinsa ya fi amfaninsa. Dalili kuwa shi ne, yayin da yake shiga yana buɗa guntun ya ƙara matse shi, ga shi kuma da tauri irin na gilashi, ba ya lanƙwasa sai dai ya karye. Idan ya karye a ciki, bakin diril na yau da kullum ba ya cin sa. A nan ne ake cewa garin neman gira an rasa ido.

4.5.6 Idan Notin Ya Lalace

Wani lokaci duk da kiyayewa haƙoran noti sukan cinye. Idan naman notin yana da kauri, akan faɗaɗa ramin a yanka sababbin haƙora, a zura wata murɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe irin ta Helicoil, wadda take mayar da ramin girmansa na asali. Idan kuwa notin ya ɓalle yana juyawa tare da bolti, to babu makawa sai an buɗe 'yar taga a jikin kwaroron bodi ko a daɓen motar, a fitar da shi, a liƙa sabo mai ƙarfi daidai da na farko, sannan a mayar da fallen da aka yanke a yi masa walda, a shafe da fenti domin tsatsa.

4.6 Mayar da Ɗauri

Fitar guntu ba shi ne ƙarshen aiki ba. Boltin da za a mayar dole ne ya yi daidai da na asali a kauri da tsawo da tazarar haƙora da kuma lambar ƙarfi. Ana fara ɗaura dukkan boltocin da hannu, kowanne ya shiga zagaye da yawa ba tare da tilas ba, a daidaita shasin a kan shatin da ya bari a jikin bodi, sannan a ɗaure da sufana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Wasu kamfanoni, kamar Volkswagen, sukan ce a ɗaure zuwa wani awo sannan a ƙara rubu'i ko rabin zagaye. Irin wannan bolti yana miƙewa ne da gangan, saboda haka sau ɗaya ake amfani da shi. Daga ƙarshe sai a kai motar wajen saitin ƙafa.

A nan ya kamata a ambaci wasu ayyukan ha'inci da akan yi idan guntu ya gagara. Wani yakan mayar da shasin da boltoci uku ya yi shiru. Wani yakan liƙa kan tsohon boltin a bakin ramin domin mai mota ya ga kamar yana nan. Wani kuma yakan haɗa shasin da bodi ya yi musu walda, wadda takan tsage bayan ɗan lokaci saboda girgiza. Mai mota ba ya shiga ƙarƙashinta, amana ce ya ba bakanike, kuma a cikin motar nan zai ɗauki iyalinsa ko fasinjoji. Abin da ya dace shi ne bakanike ya kira shi ya nuna masa halin da ake ciki, ya gaya masa kuɗi da lokacin da aikin zai ci. Shi ma mai mota yana da nasa laifin idan ya tsaya a kan bakanike yana azalzalarsa, ko ya zaɓi bolti mai araha, alhali an san araha ba ta ado.

4.7 Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Bakaniken da ya ga tsatsa a ƙarƙashin mota yakan jiƙa boltocin da mai tun kafin ya ɗora sufana, ya kuma zaɓi soket mai kusurwa shida wanda ya kama kan boltin sosai. Idan ya ja ya ji boltin yana juyawa da wani irin laushi ba tare da ƙara ba, to ya san jikinsa ne yake murɗewa, haƙoran ba su motsa ba. A nan sai ya tsaya, ya koma ga mai da zafi. Wanda ya tsaya a wannan gaɓa ya huta da duk wahalar da aka bayyana a sama.

4.8 Kammalawa

A wannan babi an ga ma'anar ƙaramin shasi da irin nauyin da ke kan boltocin da suke riƙe da shi. An kuma kawo dalilan karyewarsu, da shirin da ake yi kafin a taɓa su, da hanyoyin fitar da guntu tun daga jiƙo har zuwa yanka bodi. An lura cewa abin da ake karewa a duk matakan shi ne notin da ke ɓoye a cikin bodi, shi ya sa ake farawa da hanya mai sauƙi. Ta fuskar harshe kuma an ga cewa sunayen sassan mota da na sababbin kayan aiki, irin su bolti da noti da sufana da jak da walda, aro ne daga Turanci, amma guduma da kurfi da magagari da tsatsa kalmomi ne da Bahaushe yake da su tun a maƙera. Babi na biyar zai duba yadda ake koyar da yaran gareji irin waɗannan ayyuka, da dangantakar da ke tsakaninsu da iyayen gidansu.